Sai da takardar alƙali: littafin aikin tallan bidiyonmu daga Nima

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Mun zauna bayan la'asar a bes ɗin masu ataya, wurin zaman shan shayi da ke bayan kantina, mu bakwai, muka tsaida magana. Za mu tara kuɗi daga hannun mutanen zango, mu shirya gajerun bidiyo uku da Hausa, mu biya a nuna wa masu waya a Nima, Mamobi, Newtown, Sabon Zango, Fadama da Madina, unguwannin Akara a ƙasar Gana. Buƙatarmu ɗaya ce: kada kamfanin waya ya miƙa bayanan kowa ga hukuma sai da takardar alƙali. Ni aka ba riƙon kuɗi saboda sana'ata ce, MoMo nake yi, wato tura kuɗi da cire su ta waya, a bakin titin Nima. Ni kuma zan riƙa rubuta wannan littafi, domin duk wanda ya ba da sidi ɗaya, kuɗin Gana, ya ga inda ta shiga.

Abin da ya jawo ni cikin aikin shi ne umarnin da ake kira E.I. 63. A watan Maris na 2020, lokacin korona, shugaban ƙasa ya sa masa hannu, aka ce kamfanonin waya su ba da lambar mai kira da ta wanda aka kira, da lambar jikin waya, da wurin da aka yi kiran, har da lambobin masu karɓar kuɗi ta waya irina. Wani lauya, Francis Kwarteng Arthur, ya kai ƙara. A Yulin 2021 babbar kotu a Akara ta ce tattara bayanan ya keta haƙƙin sirri, ta ce a daina, a goge abin da aka tara. Amma sashe na 100 na dokar sadarwa ta 2008, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon ba da irin wannan umarni, yana nan daram. Cikin masu zuwa kantina kullum, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarin shari'ar nan, domin duk da Turanci aka yi ta, a jaridun da ba ma karantawa.

Abin da muke nema: sidi 9,000.

Laraba, 10 ga Janairu

Mun je wurin lauyar da ta yarda ta duba mana rubutu kyauta, 'yar Mamobi ce. Ta gyara mana tunani a wuri biyu. Ta ce dokar tsaron intanet ta 2020 ta riga ta tanadi cewa mai bincike ya nemi izinin babbar kotu kafin ya karɓi bayanan mai layi ko ya saurari saƙonsa, don haka mu nemi a daidaita sashe na 100 da wannan ma'auni, kada mu yi magana kamar babu doka a ƙasar. Sannan ta hana mu amfani da wata murya da ƙanena ya naɗa a ɓoye. Ta ce a 2018 kotun ƙoli ta yanke, a shari'ar Cubagee, cewa naɗar hirar waya ba da sanin ɗaya mutumin ba ya saɓa wa sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992, sashen da mu ma muke dogaro da shi. An goge muryar a gabanta.

Lahadi, 21 ga Janairu

Tara kuɗi ya fara da sanyi. Mun tura saƙon murya a zaurukan WhatsApp na unguwa tare da lambar da za a tura kuɗi. Mutane sun yi ta sa albarka, amma abin da ya shigo zuwa daren jiya sidi 1,150 ne kawai, kuma fiye da rabinsa daga aljihunmu ya fito.

Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ce ta fahimtar da ni dalili. Ta zo cire kuɗi da safe, na tambaye ta ko ta ji saƙon. Ta ce, "Na ji, ɗiyata, kuma gaskiya kuka faɗa. Amma in na tura, sunana zai fito a wayarki, ko ba haka ba? Layin nan da Ghana Card na yi masa rajista, da yatsuna aka ɗauka. Gobe in aka kama wayarki, wa za a fara nema?" Na ce haka ne, Hajiya. Ba ni da abin musu, domin kullum ina ganin sunayen mutane cikakku suna faɗowa a wayar aikina. Tun da aka fara haɗa layi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a Oktoban 2021, aka kuma rufe layukan da ba a haɗa ba a ƙarshen Mayun 2023, duk kuɗin da ya motsa ta waya yana tafe da sunan mai shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Da yawa daga mutanenmu sun sha tambayoyi wajen karɓar katin nan saboda sunansu na Hausa ne ko na Fulani ko na Zabarmawa: ina aka haifi mahaifinka, ina garinku na asali. Wanda ya sha wannan wahala kafin ya sami kati ba zai so sunansa ya shiga jerin masu ƙorafi da hukuma ba, ko da ƙorafin halal ne. Ban ga laifin kowa ba.

Mun canza tsari. Kafinta ya yi mana akwatuna uku da kwaɗo, sidi 120. Ɗaya a wurin Hajiya, ɗaya a shagon wanzami, ɗaya a wurin tela a Mamobi. Ba a rubuta sunan kowa. Mutum biyu ke buɗewa tare, su ƙirga, su sa hannu. Wanda ya fi son MoMo ya tura, kuma in bai haura sidi 100 a rana ba, harajin E-levy na kashi 1 a kan tura kuɗi ta waya ba zai taɓa shi ba. Na yi alkawarin ba zan kwafe lambar kowa a takarda ba, adadin kuɗi kawai zan rubuta.

Laraba, 24 ga Janairu

Ranar kasuwar Nima. Akwatin Hajiya ya cika da 'yan sidi biyu da sidi biyar. Jimla yanzu 2,300.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Jiya wani Alhaji da kowa ya san yana bin 'yan siyasa ya aiko a kira Yaya mai gyaran waya, wanda shi ne babbanmu. Ya ce zai ba da sidi 6,000 nan take, sharaɗinsa ɗaya, a fitar da bidiyon E.I. 63 kaɗai, a ajiye sauran sai bayan zaɓen Disamba. Yaya ya yi masa godiya, ya ce zai shawarci 'yan'uwa. Da muka zauna, mutum biyu suka ce a karɓa, kuɗin zai rufe mana komai cikin yini ɗaya. Na fahimce su, domin ni ke kallon akwatin. Amma in muka karɓa, bidiyon ya zama na jam'iyya, kuma rabin Nima za su kashe shi tun kafin ya kai tsakiya. Mun ƙi da ladabi.

Yau bayan Juma'a muka je gaida limamin masallacinmu don neman ya bari a yi sanarwa. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, kin san abin da ke faruwa a Burkina Faso, iyakarmu ce. Kin san rikicin Bawku. In jami'an tsaro ba su saurari waya ba, ta yaya za su kama masu mugun nufi? Kada ku jawo a ce 'yan zango ne ba sa son a yi bincike."

Wannan tambaya ta fi duk waɗanda aka yi mana nauyi, kuma ta cancanci amsa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mu ce kada a yi bincike ba. In akwai zargi a kan mutum, a je gaban alƙali a nuna dalili, a karɓi takarda, a bincike shi. Abin da muke ƙi shi ne a kwashe na kowa da kowa a ajiye, ba zargi ba shari'a." Yaya ya ƙara da cewa lamarin bai tsaya a kan jam'iyya ɗaya ba. Ƙudirin dokar sauraron waya da buɗe wasiƙu da aka janye daga majalisa a 2016 bayan jama'a sun yi ca, lokacin mulkin jam'iyyar NDC aka kawo shi. E.I. 63 kuma a mulkin jam'iyyar NPP aka sa masa hannu. Malam ya yi shiru, sannan ya ce aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ya kamata mai mulki ya tuna cewa in zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere, domin mulki juyawa yake. Ya yarda da sanarwa, da sharaɗin kada a ambaci jam'iyya ko ɗan takara a harabar masallaci.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

An yi sanarwar. Jimla 4,900. Wasu 'yan Nima da ke Jamus sun aiko da nasu ta hannun iyayensu.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Rubutun bidiyo ukun ya kammala, kowanne bai wuce daƙiƙa 45 ba. Na farko yana nuna abin da layinka ya sani a kanka: wa ka kira, daga ina, yaushe, wa ka tura wa kuɗi. A ciki mun faɗi cewa dokar 2020 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan rajistar mai layi aƙalla shekara 6, bayanan zirga-zirgar kira da saƙo kuma wata 12. Na biyu labarin E.I. 63 ne da hukuncin kotu. Na uku kan Pegasus ne, manhajar leƙen waya ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda aka fitar da dala miliyan 4 na hukumar sadarwa ta ƙasa don sayenta, har babbar kotu ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku a Mayun 2020, ɗaya shekara 6, biyu shekara 5. Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne shari'ar ta tsaya kan asarar kuɗin gwamnati. Tambayar wa aka yi niyyar saurara, kuma da izinin wa, ita muke so mai kallo ya tafi da ita.

Za a yi magana yadda ake yi a Nima, ba irin ta labaran rediyo ba, a sa fassarar Turanci a ƙasa don maƙwabtanmu.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Ɗaukar farko ta lalace. Mun zaɓi bakin titi don a ga Nima yadda take, amma ƙahon motocin haya na trotro da lasifikar masu tallan magani sun cinye muryar gaba ɗaya, makirfon da muka yi haya sidi 250 bai iya komai ba. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ta zo da dare: yarinyar da ta yi bidiyo na farko, ɗalibar koyon aikin jinya, ta kira ni tana kuka. Mahaifinta ya ji labari, ya ce ba da fuskar 'yarsa ba, tana jiran gwamnati ta tura ta aiki, kada wani ya riƙe mata wannan. Ta ce, "Anti, ki yafe mini." Na ce babu abin yafewa, Baba ya yi daidai da ya kare 'yarsa. Mai ɗaukar hoton ya goge duk inda ta fito, ya tura mata shaida.

Mun daɗe muna jayayya a kan fuska. Ƙanena yana ganin bidiyon da ba fuska ba ya shiga zuciya, kuma ɓoye fuska kamar amsa laifi ne. Ni ina ganin bai kamata mu biya kuɗi mu watsa fuskar yaran mutane ga dubban wayoyi ba, alhali ba za mu iya janyewa ba in abu ya ɓaci. An tsaya a kan haka: hannuwa da wayoyi kawai za a nuna, hannun mai tuya, hannun tela, hannun tsoho da carbi, murya kuma a naɗa a ɗaki. Yaya kaɗai zai fito da fuskarsa a ƙarshe ya faɗi buƙatar, shi ya nemi hakan da kansa.

Asabar, 24 ga Fabrairu

An sake ɗauka da sassafe, an naɗi murya a ɗakin tela cikin yadudduka, ta fito tas. Mota da abinci 340. Mai haɗa bidiyo ya karɓi 1,800 na duka ukun. An ɗauke wuta da yamma, haɗawa sai gobe. Jimlar abin da aka tara 7,200.

Juma'a, 1 ga Maris

Shirin sa talla. A Facebook, tallan da ya taɓa siyasa sai mai shi ya tabbatar da kansa da katin shaida, a rubuta sunan wanda ya biya a jikin tallan, kuma a adana shi a rumbun tallace-tallace na fili har shekara 7. A ganina ƙa'idar tana da kyau, mai kallo ya san wa ke magana da shi. Amma dole wani ya ɗauki nauyin. Malamin makarantar da ke cikinmu ya miƙa kansa, muka hana shi saboda albashin gwamnati yake ci. Yaya ya ba da nasa katin, ya ce shagonsa na unguwar Circle ba wanda ya ba shi.

Sai wani saurayi da ya ƙware a tallan intanet ya kawo shawara: a loda lambobin waɗanda suka turo kuɗi ta MoMo, na'ura ta nemo masu kama da su, tallan zai fi arha. Na ƙi, kuma ban sassauta ba. Hajiya da irinta sun ba mu amana a kan ba za mu miƙa lambarsu ga kowa ba, kuma abin da muke kuka da shi ke nan. Za mu zaɓi unguwa da shekaru 18 zuwa sama, shi ke nan, ko da kuɗin zai fi tafiya.

Lissafi ya ɗan girgiza. Akwai harajin VAT da 'yan rakiyarsa a kan talla, sama da kashi 20, ga dala ta haura sidi 12. Cikin 5,400 da muka ware, abin da zai tafi ga nuna bidiyo bai kai 4,500 ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Bidiyo na farko ya fita. Da yamma wani direban okada ya tsaya a kantina ya nuna mini shi a wayarsa, bai san da hannuna a ciki ba.

Talata, 19 ga Maris

Ranar Alhamis 14 ga wata intanet ya ɗauke a kusan duk ƙasar. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu ne suka lalace, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, kuma hukumar sadarwa ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. A ranar ne bidiyo na biyu, wanda muka fi ji da shi, ya fara tafiya. Ba mu iya shiga mu dakatar da shi ba sai daren Asabar. A tsakanin nan, 'yan kaɗan da ke samun layi hoton farko kawai suke gani a daskare, bidiyon ba ya buɗewa, kuɗi kuma na tafiya. Mun yi asarar kusan sidi 430, kuɗin akwatin wanzami na mako biyu. Na ji zafin wannan sosai, domin na san hannuwan da suka zuba shi. An ce a ba wani ɗan'uwa a Jamus mabuɗin asusun ya tsayar mana, amma asusun da sunan Yaya da katinsa yake, ba mu yarda ya fita hannunsa ba.

Abin da ya cece mu shi ne mai haɗa bidiyo ya matse su suka zama ƙanana, samari suka riƙa tura wa juna ta manhajar Xender da Bluetooth a bes-bes bayan tarawihi. Ba mu da hanyar ƙirga wannan, kuma ba ma nema.

Lahadi, 24 ga Maris

Layi ya ɗan dawo. Saboda azumi mun mayar da tallan daga bayan tarawihi zuwa sahur, lokacin da mutane ke farke kuma datar dare ta fi arha. Masu kallo har ƙarshe sun ƙaru a fili.

Sharhin da ya fi yawa shi ne, wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye. Muna amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba zagi. Nakan ce kowa yana da ƙofa a ɗakinsa ba don yana aikata laifi ba, kuma nakan tuna musu da Caleb Kudah na Citi FM, wanda jami'an tsaron ƙasa suka kama a Mayun 2021 saboda ɗaukar hoton motoci a harabar ma'aikatarsu, sannan suka bi abokiyar aikinsa da ya tura wa hotunan har cikin gidan rediyon. Wasu sun ce NDC ce ta ɗauke mu, wasu sun ce NPP. Wata mata daga Fadama ta rubuto cewa ba ta taɓa sanin kotu ta iya ce wa gwamnati ta goge bayanai ba, ta tambayi inda za ta sa nata taimakon.

Talata, 2 ga Afrilu

Wani dandali na biyu da muka gwada ya ƙi karɓar bidiyon Pegasus a matsayin talla. Lauya ta sake duba shi, ta cire jimla ɗaya da za a iya fahimta kamar mun ce an saurari wani da manhajar, aka bar abin da ke cikin hukuncin kotu zalla. Mun haƙura da wancan dandalin, mun sa gyararren a inda sauran suke.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bayan salla muka zauna lissafi a gaban duk wanda ya so zuwa. An tara sidi 8,640. Haɗa bidiyo 1,800, makirfo 250, mota da abinci 340, akwatuna 120, data 200, talla da harajinsa 5,400, cajin banki 130. An kashe 8,240, saura 400 a hannuna. Alƙaluman dandalin sun nuna tallan ya kai ga wayoyi kusan 96,000 a unguwannin shida, waɗanda suka kalla har ƙarshe kuma sun ɗan haura 11,000. Na goge saƙonnin MoMo na gudummawa daga wayar a gaban mutum biyu. Na kuma faɗa wa mutane gaskiya cewa kwafin da ke wurin kamfani ba ya hannuna.

Aikin gaba uku ne. Lauya za ta rubuta wasiƙa ga 'yan majalisar mazaɓun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, inda Nima da Mamobi suke, da duk masu neman kujerun biyu a Disamba, da tambaya ɗaya: za ku goyi bayan gyara sashe na 100? Duk amsar da ta zo za mu karanta ta a bidiyo yadda take. Za mu kuma shigar da buƙata ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, wadda ta ba jami'i kwana 14 ya ba da amsa, mu tambayi yadda aka aiwatar da umarnin kotu na goge bayanan E.I. 63. Sannan wasu matasa daga Aboabo da Asawase a Kumasi sun nemi bidiyon don su sa muryarsu da Twi da Hausar can. Za mu ba su kyauta, da sharaɗin ba kuɗin ɗan siyasa, ba loda lambar kowa. Sidi 400 da suka rage za su tafi ga buga wasiƙu da kuɗin mota. Akwatuna za su koma wurarensu ranar Laraba, zama na gaba kuma Asabar 27 ga wata bayan la'asar.